Sam, tala da laya: dalilin da ya sa 'yan kallon kiɗan tabla ke kaɗa kai lokaci guda

Ƙanena tambayar taka biyu ce a cikin ɗaya. Ka ce ka kalli wasan kiɗan Indiya na wani mai sitar, wato molonsu mai dogon wuya, da mai tabla, wato gangunansu, na kusan awa guda, mutane na zaune a ƙasa shiru, can sai ka ga duk sun kaɗa kai lokaci ɗaya kamar an haɗa baki, wani har ya miƙa hannu yana "wah wah", kai kuma ba ka ji wani abu ya faru ba. Sannan kiɗan ya fara kamar na mai jin barci ya ƙare kamar an biyo su, shine kake tambaya ko hannun makaɗin ne ke kufce masa. To ba kufcewa ba ne, da gangan ne, kuma wurin da suka kaɗa kan nan yana da suna, sam ake ce masa. Kar ka ji komai don ba ka ji shi ba, ni kaina lokacin da nake karatu a birnin Pune na Indiya sai da na yi wajen wata 6 ina zuwa gidan wani dattijo mai koyar da tabla duk Asabar da Lahadi kafin kunnena ya fara kama shi ba tare da ƙirge ba.

Ka ɗauko carbi ka duba, misali ne kawai na siffa. Zare ne a ɗaure, ƙwayoyi a jere, akwai 'yan alamomi da suka raba su kashi-kashi, sannan akwai dogon kan nan wanda daga shi kake farawa kuma gare shi kake dawowa. To haka tala take a kiɗan gargajiya na arewacin Indiya, wanda suke kira Hindustani. Kowace ƙwaya ita ce matra, bugu ɗaya kenan. Kashi-kashin nan wibhag. Kan carbin shine sam. Zagaye ɗaya cikakke awartan. Duk tsawon waƙa ɗaya, komai daɗewarta, da zarar tabla ta shigo to ana kan wannan zagayen ne, adadinsa baya ƙaruwa baya raguwa.

Wadda ta fi kowacce yawo ita ce tintal, kuma kusan na tabbata ita ka ji a wasan nan. Bugu 16 ce, an raba ta 4-4-4-4. Ana nuna ta da hannu, ka tafa a 1, ka tafa a 5, a 9 ba a tafawa sai dai ka juya hannu ka buɗe tafin sama kamar mai cewa "babu", sannan ka tafa a 13. Tafi uku kenan, shi ya sa sunanta tintal, tin a Hindi uku ne. Wurin da ba a tafa ɗin nan ba khali ake ce masa, in ka ɗan taɓa Larabci ka san kalmar, wofi, ba komai a ciki. Kuma kar ka raina shi, da babu khali da duk huɗurhuɗun nan kama ɗaya za su yi maka, ba za ka taɓa sanin kana rabin farko ko na biyu ba.

Amma a fagen wasa ai ba mai tsayawa yana tafa maka, mai tabla ne ke faɗa maka inda ake da hannunsa. Kowace tala tana da nata taken kiɗa da ake gane ta da shi, kamar dai yadda makaɗi a nan gida zai buga taken mutum kowa ya san da wa ake tun kafin a ambaci suna. Su teka suke cewa. Kuma kowane bugu yana da sunan da ake furta shi da baki, bol kenan, sai ka iya faɗa da baki kafin a bar ka ka taɓa fata. Wanda ya yi aruli a makarantar zaure zai gane abin da sauri, irin fa'ulun mafa'ilun ɗin nan ne, kalmomin ba su da ma'ana amma suna riƙe maka awo. Tekar tintal ita ce:

dha dhin dhin dha, dha dhin dhin dha, dha tin tin ta, ta dhin dhin dha

Ga sirrin da nake so ka riƙe. Tabla ganga biyu ce, ƙarama ta itace a hannun dama mai ƙara siririya, ana ɗaure ta da guduma har ta yi daidai da muryar mawaƙi, da babba mai faɗi ta ƙarfe ko ta yumɓu a hagu, sunanta bayan, mai amo mai kauri wadda ake danna ta da gindin tafin hannu tana lanƙwasa murya, abin da mai kalangu ke yi da matse tsirkiya a hammata su da hannu suke yi. A layin nan duk bol da ya fara da dh to hannu biyu ne suka sauka tare. Wanda ya fara da t kuwa dama ce kaɗai, hagu ta yi shiru. Yanzu sake duba layin, daga bugu na 10 zuwa na 13 tin tin ta ta, babu babbar ganga. Sai a 14 ta dawo. Saboda haka in ka ɓace a tsakiyar wasa kar ka wahalar da kanka, jira kawai ka ji kaurin nan ya ɗauke, kiɗan ya zama siriri kamar an zare masa ƙasa, da ka ji ya dawo ƙirga uku, na huɗun shine sam. Malamina bai taɓa yi min wannan bayanin ba wallahi, wani yaro ɗan shekara 11 da muke zuwa tare ne ya gaya min a bakin ƙofa muna saka takalmi, ya ga na sha wuya.

To me ya sa sam ke sa mutane kaɗa kai. Saboda a wajensu jimla ba ta ƙarewa a 16, a kan 1 take sauka. Sam farko ne kuma shine masauki. Mai sitar zai bar ainihin waƙar ya tafi yawonsa yana ƙirƙira nan take, zagaye biyu, uku, wani lokaci ya yi nisa har ka rantse ya manta da mai tabla, alhali yana sane da inda ake, sai ya kamo hanya ya dawo ya faɗo daidai kan sam tare da dha ɗin makaɗi. Su 'yan kallon da suka sani suna ta ƙirge a zuci tun ɗazu, sun ga ya yi nisa, suna jiran su ga ko zai iso, da ya iso sai kowa ya sauke numfashi tare. Abin da ka gani kenan. Kai ba ka ji komai ba saboda ba ka cikin jiran.

Akwai ɗan guntun waƙa da ake dawowa da shi kullum don a hau sam, mukhra, kamar kan amshi. A salon sitar na a hankali da ake dangantawa da wani gwanin da, Masit Khan, waƙar tana farawa ne daga bugu na 12, wato 12, 13, 14, 15, 16 sai sam, bugu 5 na share fage. In ka gane wannan guntun to ka huta, duk sanda ka ji shi ka san saura kaɗan.

Sai babban makamin sauka, tihai. Jimla ɗaya ce a maimaita ta sau uku cif, bugun ƙarshe na maimaici na uku ya faɗa kan sam. Lissafi ne tsagwaronsa. Daga sam zuwa sam na gaba a tintal bugu 17 ne in ka haɗa da masaukin. Ɗauki jimla mai bugu 5, tita kata gadi gana dha. Sau uku 15 kenan, saura 2, sai ka raba su ka sa hutun bugu ɗaya a tsakanin kowane maimaici. Na farko ya ci 1 zuwa 5, hutu a 6, na biyu 7 zuwa 11, hutu a 12, na uku 13 zuwa 17, kuma 17 ai shine 1 na sabon zagaye. Mai hutu a tsakani damdar ake ce masa, mai numfashi kenan, wanda ba hutu bedam. Misali in ka tashi daga khali, 9 zuwa 17 bugu 9 ne, jimla mai bugu 3 sau uku ta cike shi ba sai an huta ba. Daɗin abin a kunne shine dha na farko da na biyu suna faɗowa a wuraren da ba a zata ba, 5 da 11, kamar mutum na tuntuɓe, sai na ukun ya zauna daram. Akwai wanda ake ninkawa, tihai a cikin tihai, dha tara, chakradar, irin wanda ake rufe wasa da shi. Manyan gwanaye kuma wani lokaci da gangan za su sauka gab kafin sam ko ɗan bayansa don tsokana, amma wannan sai wanda kowa ya san ya iya, ɗan koyo in ya yi kuskure ne kawai.

Sauran talolin ba sai na jero maka duka ba. Japtal 10 ce, 2-3-2-3, dhi na, dhi dhi na, ti na, dhi dhi na, tana da wata 'yar ɗingisa mai daɗi. Rupak 7 ce, 3-2-2, kuma ita ce 'yar tawayen gidan don sam ɗinta a kan khali yake, tin tin na, dhi na, dhi na, wato wurin da ya kamata ya fi ko'ina nauyi shine babbar ganga ta yi shiru, masauki ba ƙara. Na daɗe ina juya ta a kaina ina ɗaukar dhi na farko a matsayin sam. Abin da ya kamata ka lura dai adadi kaɗai baya yin tala. Ektal 12 ce, chautal ma 12, wurin tafinsu ma ɗaya, amma chautal ta tsohon salon dhrupad ce ana buga ta da pakhawaj, doguwar ganga mai baki biyu da ake manna wa ƙullin alkama a gefen hagu kafin wasa, tafiyarta ta ƙasaita ce, ektal kuwa ta tabla ce da waƙar khayal. Haka 14, akwai dhamar mai rabon 5-2-3-4 wadda waƙoƙinta na bikin Holi ne, akwai jhumra 3-4-3-4, akwai dipchandi ita ma 3-4-3-4 amma ta waƙoƙin soyayya na thumri, kowacce da takenta da irin tafiyarta.

Guda biyu kuma ka riga ka sansu ko ba ka san sunansu ba, duk wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ko Jos yana kallon fim ɗin Indiya sun zauna masa a kunne. Kaharwa mai 8, dha ge na ti na ka dhi na, da dadra mai 6, dha dhi na dha ti na. Mafi yawan waƙoƙin fim na da a kansu suke. Su gajeru ne, kafin ka ɓace an dawo, shi ya sa ba ka taɓa buƙatar ƙirge ba. Matsalar tana farawa ne in zagayen ya yi tsawo, wanda ya kawo mu rabin tambayarka na biyu.

Saurin tafiyar kiɗa laya ake ce masa, kuma mataki uku ne a dunƙule, wilambit a hankali, madhya tsaka-tsaki, drut da sauri, sai a ƙara ati a gaba in abin ya wuce misali ta kowane ɓangare. Wasan sitar irin wanda ka kalla yakan fara da alap, babu ganga ko kaɗan, babu ma bugun da za ka bi da ƙafa, mai tabla na zaune ya harɗe hannu. Sai jor, nan bugu ya shigo amma ba zagaye, tafiya ce kawai ba masauki. Sai jhala ya ɗan ɗau zafi. Bayan nan ne tabla ke shigowa da waƙa ta a hankali, a daɗe a ciki, sannan a canza zuwa wata waƙar mai sauri a raga ɗaya, wato tsarin sautukan da aka gina waƙar a kai bai canza ba, daga nan kuma sai hawa, mataki-mataki har ƙarshe. Mai sitar ko mawaƙin ne ke ja, da ɗan kaɗa kai ko ya buga mukhra da ɗan ƙarin sauri, mai tabla ya bi shi su zauna a sabon matakin. In an hau ba a cika saukowa ba. Wannan tsari ne da kowa ya zo da saninsa. A kudancin Indiya, kiɗan Karnatak, ba haka suke ba, su in an kafa sauri a farkon waƙa to a nan ake so a ƙare, kuma mawaƙin ne ke nuna tala da hannu a cinyarsa, mai mridangam, gangarsu ta can, baya tsayawa kan take ɗaya. Don haka in wani ya ce maka ƙara sauri aibi ne to ya danganta da wane gari.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara shine yadda tala ɗaya ke zama wata halitta daban in an canza laya. Ɗauki ektal. In da sauri ce bugu 12 ɗin nan sakan 3 ko 4 sun wuce, kana jin ta kamar ƙafar doki. Amma a babban khayal, wanda mawaƙi ke buɗe wasa da shi, ana ja ta har bugu ɗaya ya kai sakan 4 ko 5, zagaye ɗaya kusan minti guda kenan. Akwai wani dare a bikin Sawai Gandharva, wanda mawaƙi Bhimsen Joshi ya fara a 1953 don tunawa da malaminsa, ana yin sa a Pune yawanci cikin Disamba, sanyi ya ishe ni na lulluɓe da mayafi a cikin dubban mutane, mawaƙi ya fara wilambit ektal, ni kuma ga ni ɗalibin tabla na wata 4 ina ji da kaina, na fara ƙirge, dhin, shiru, shiru, dhin... kafin in kai 5 na rasa inda nake. Tsohuwar da ke gefena da 'yar jakarta ta abinci ko motsi ba ta yi, amma duk zuwan sam sai ta ɗan buga gwiwa da yatsa ɗaya, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Na ji kunya ranar.

Daga baya na gane yadda ake yi. In tafiya ta yi jinkiri haka ba a ƙirga 12, kowane bugu ana fasa shi huɗu, sai ya zama 48, kuma mai tabla na cike tsakanin da 'yan ƙananan taɓi don kar a faɗa rami. Tekar ektal ita ce dhin dhin, dhage tirakita, tu na, kat ta, dhage tirakita, dhi na. Kalmar tirakita ɗin nan da a sauri ƙyaftawar ido ce, a wilambit sai ta warware ta zama ti, ra, ki, ta, huɗu rarrabe a bushe, kuma sau biyu take zuwa, a bugu na 4 da na 10. Ta biyun ita ce alamar, in ta wuce saura bugu biyu, a nan ne za ka ji mawaƙi ya tattaro kayansa ya kamo mukhra. Wanda ya fi shahara da irin wannan jan shine Ustad Amir Khan na Indore, ya rasu 1974, shi jhumra yake so a ja masa ita sosai, kuma an san shi da son mai tabla ya riƙe masa take kawai ba ado ba gwaninta. In ka samu faifansa na raga Marwa ka saurara da daddare, amma ba yanzu ba, sai kunnenka ya ɗan nuna.

Sai abu ɗaya da ke ruɗa mutane, kuma ina zargin ya ruɗe ka. Ba duk sanda ka ji hannu ya ƙara gudu ne laya ta ƙaru ba. Sau da yawa zagayen na nan yadda yake, makaɗin ne ya cusa bugu biyu a gurbin ɗaya, dugun, ko uku, tigun, ko huɗu, chaugun. A tintal tigun 48 kenan a cikin lokacin da 16 ke ci. Akwai masu wuya, uku a gurbin biyu shine aar, biyar a gurbin huɗu, bakwai a gurbin huɗu, duk wannan wasan layakari ake ce masa. Yadda za ka bambance, bi tazarar sam zuwa sam, in ba ta ragu ba to ba a ƙara sauri ba, cunkoso aka ƙara. Ya fi fitowa fili a wasan tabla zalla, inda ake juya aiki, mai sarangi, irin gogensu, ko harmoniya ya riƙe ɗan gajeren sauti mai tsawon zagaye ɗaya yana ta maimaitawa, lehra, shi ya zama carbin, makaɗi kuma ya yi ta yawo a kai. Nemo na Ahmed Jan Thirakwa, ko Alla Rakha da ɗansa Zakir Hussain wanda ya rasu a Disamba 2024, ka sa kunne kan lehra kawai ka ƙyale tablar na minti biyu, za ka ga lehra ba ta motsa ba duk ruwan bugun da ake yi.

Ra'ayina dai, kuma na san wasu ba za su yarda ba, ƙarshen wasan nan da ake gudu zagaye na wucewa a sakan 3 ko ƙasa da haka, da sawal-jawab inda mai sitar zai buga jimla mai tabla ya mayar masa, su'ali da jawabi kenan, wanda Ravi Shankar da Alla Rakha suka sa Turawa suka haukace a kai a bikin kiɗa na Monterey a Amurka a 1967, yana da daɗin kallo ba musu, amma ba nan ake gane makaɗi ba. Gudu riyaz ne, atisaye, duk yaron da ya ba shi shekaru zai yi. Riƙe wilambit na minti 40 ba ka ja ba ba ka tura ba, kowane dhin ya faɗo inda mawaƙi ke tsammaninsa, shine aikin. Malamina in ɗalibi ya fara rawar kai da saurin hannu sai ya sa shi tekar tintal a hankali na rabin awa, shi kuma ya tafi shan shayinsa a ɗaya ɗakin, daga can za ka ji ya ɗaga murya ya ce ka gudu.

Za ka ci karo da masu cewa wani mawaƙin da, Amir Khusrau, ne ya ƙirƙiro tabla ta hanyar raba pakhawaj biyu, labari ne mai daɗi amma Khusrau ya rasu 1325 ita kuwa tabla sai a ƙarni na 18 aka fara ganin ta sosai, a Delhi. Tsarin tala kam ya girme ta nesa, littafin Sangita Ratnakara na Sharngadeva a ƙarni na 13 ya lissafa tala 120 na gargajiyar yankuna, yau waɗanda za ka ji a fage a arewa ba su fi goma sha wani abu ba. In kuma ka ga an rubuta teka da alamar X a ƙarƙashin wani bol da 0 a ƙarƙashin wani, tsarin rubutun wani masanin kiɗa Bhatkhande ne wanda ya rasu 1936, X sam, 0 khali.

Yanzu koma kan wasan nan naka, ka tsallake alap ka je daidai inda tabla ta shigo. Buɗe hannun dama, babban yatsa ne mai ƙirge kamar yadda kake tasbihi bayan sallah, sai dai kowane yatsa huɗu za ka ba shi, layuka uku da kan yatsa, yatsu huɗu 16 kenan, haka su ma suke yi. Fara daga gindin ƙaramin yatsa a kan sam. In babban yatsanka ya shiga yatsa na uku ya kamata ka ji babbar ganga ta ɗauke, in ba ta ɗauke ba to ko ka fara a wurin da ba shi ba ne ko kuma ba tintal ba ce, sai ka gwada 10 ko 7.